Gonar Gandu da Takardar Hukuma: Sunan Wa Za a Rubuta?

Wannan karon ba maganar iri ko taki za mu yi ba. Maganar mai gona za mu yi.

In ka tsaya bakin wata gona a ƙasar Bader Gula ka tambayi mai noma, "Gonar wa ce?", da wuya ya ce maka "tawa ce". Sai ya ce "ta gidanmu ce", ko "ta tsohonmu ce", ko da tsohon ya shekara ashirin da rasuwa. Gaskiya ya faɗa. Gonar gandu ba ta mutum guda ba ce. Akwai rabon wa a ciki, akwai na ƙane, akwai na ɗiya mace da ta yi aure a wani gari, akwai na wanda ya tafi bida Libiya shekara biyar ba a gan shi ba. Dukansu ba a rubuce suke ba. A cikin kan tsofaffi suke.

To yau takarda ta shigo karkara. Ita kuwa takarda abin da aka rubuta mata shi ta sani. Wanda sunansa ya shiga, ya shiga. Wanda aka manta, ranar da tsofaffin shaidu suka ƙare ba shi da mai faɗa masa. Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ku ne ake miƙa wa takarda a ce "karanta muna". Don haka maganar nan ta fi shafarku bisa kowa.

Yadda aka zauna ƙasar nan

Bader Gula tana cikin gundumar Dakoro, jahar Maraɗi, inda noma da kiwo suka haɗu. Hausawa, Abzinawa da Fulani duk suna cin abinci a ƙasar. Dakoro kanta a 1947 Turawan Faransa suka kafa bariki a cikinta. A zamanin nan ne manoma suka yi ta hawowa daga kudu suna neman sabon daji. Mutum ya zo da ƙannensa da ɗiyansa, ya nemi izini wurin sarki, ya gina rijiya, ya sare daji. Gari ya ɗauki sunansa. Wanda ya zo daga baya, sai mai rijiya ya nuna masa inda zai sara. Sau da yawa sai an haɗa aure, baƙo ya zama suruki, suruki ya zama ɗan gari.

A lokacin, maigida shi ke riƙe da gandu. Kowa ya yi aikin gandu, hatsin ya shiga babban rumbu, daga nan ake ci, daga nan ake biyan haraji, daga nan ake yi wa samari aure. Bayan gandu, kowace mace da kowane saurayi ana yanka masa gamana, ya noma abin kansa. Ba a damu da rabon gona ba, don daji yana nan. In gida ya cika, sai ƙane ya ɗauki gatari ya ƙara gaba.

Yanzu gaban ta ƙare. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen miliyan 5 a Nijar. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 17, kuma jahar Maraɗi kaɗai tana da kusan miliyan 3 da rabi. Mutane sun ninka sau uku da wani abu, ƙasa ba ta ƙaru da taki guda ba. Ta arewa kuma akwai iyakar noma da dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata, wadda a wajenmu kwarin Tarka ne alamarta. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da ita. Ke nan ɗan da ya rasa rabo a gida ba shi da dajin da zai sara da izinin doka.

Abin da doka ta bar wa dangi

Mutane da yawa suna zaton dokar gwamnati ta zo ne ta rushe al'ada. A Nijar ba haka abin yake ba. Tun dokar tsarin shari'a ta 16 ga Maris 1962, an ce alƙali ya bi al'adar masu ƙara cikin maganar aure, saki, riƙon ɗiya, gado, kyauta da wasiyya, har da rigimar gonar da ba a yi wa rajista ba. An sabunta dokar a 2004, an sake sabunta ta a 2018, wannan ƙa'ida tana nan. Shi ya sa in aka kai irin wannan ƙara gaban alƙali a Dakoro, ba shi kaɗai yake zama ba. Yana zama da mataimaka masana al'adar masu ƙara, galibi malamai. A wurin yawancinmu kuwa, al'ada da shari'ar Musulunci sun riga sun cuɗe.

An yi ta ƙoƙarin rubuta kundin iyali guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya. An fara maganar tun 1975. An kawo daftari a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka ajiye. An sake kawo wani a 2011, shi ma aka janye shi. Senegal ta yi nata tun 1972. A Mali majalisa ta amince da nata a 2009, jama'a suka fito titi, shugaba Amadu Tumani Ture ya mai da shi majalisa, sai a ƙarshen 2011 aka fito da wanda aka gyara. Mu dai har yanzu maganar gida tana hannun al'ada.

Amma an sa wa al'ada linzami. Ba a bin ta in ta saɓa wa dokar ƙasa ko ƴancin mutum. Misali a fili shi ne bauta. Dokar 2003 ta mai da ita babban laifi. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba Hadijatu Mani gaskiya, matar da aka sayar tana yarinya a ƙasar Ƙonni, ta ce gwamnati ba ta kare ta ba, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Saboda haka duk wanda ya ce wane ba ya iya mallakar gona don asalin kakanninsa, ba doka yake faɗi ba, son ransa yake faɗi.

Dokar karkara ta 1993

Kafin 1993 an sha wuya da maganar gona. A 1960 aka hana sarakuna karɓar ushirar gona. Ran 18 ga Disamba 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi jawabi cewa duk gonar da mutum yake nomawa ta zauna hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar ta taimakon talaka ce. Amma ta ɓata aro tsakanin mutane. Masu gona suka ji tsoro, wasu suka karɓe abin da suka ba da, wasu suka daina ba da aro ko ga ɗan'uwa. Har yau akwai rigingimun da tushensu yana can.

Ran 2 ga Maris 1993 aka fito da dokar karkara. Abu biyu na cikinta ya kamata kowane mai karatu ya riƙe. Na farko, ta ce dukiyar karkara ta ƴan ƙasa ce duka, kuma kowa yana da damar samu, ba bambancin namiji da mace, ba bambancin asali. Na biyu, ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta hanyar takarda, kariya guda doka ke ba su. Wato gonar da ka gada wurin tsohonka taka ce ko ba ka da takarda.

To in haka ne, me ya sa ake ta cewa a yi takarda? Don shaida. Dokar ta kafa hukumar kula da filaye, wadda kowa ya sani da suna Kofo. Akwai ta gunduma, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai ta ƙauye, wadda maigari ke shugabanta, tare da magatakarda mai iya karatu da rubutu, da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Kofo tana rubuta takardar mallaka ta gargajiya, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Kofo ba ta yanke shari'a. In rigima ta tashi, maigari ne farko, sannan sarki, su nemi sulhu su rubuta yadda aka ƙare. Sai in sulhu ya ƙi ake zuwa gaban alƙali.

Wannan tsari yana da kyau. Haɗarinsa guda ne, kuma a cikin gida yake, ba a ofis ba. In tsoho ya rasu ba a raba gado ba, babban wa shi ke riƙe da gandu. Riƙo ne, ba mallaka ba. Amma shi ke zuwa taro, shi maigari ya sani, shi ke da katin ɗan ƙasa. In aka tashi rubutu, sunansa ne ke fara zuwa baki. Ba lalle da mugun nufi ba. Shekara goma sha biyar bayan haka ya rasu, ɗiyansa su ɗauko takarda su ce gonar ubansu ce. Ƙannen uba da gwaggwanni su tsaya suna rantsuwa, yara suna nuna hatimi.

Lissafin gado

Bari mu yi lissafi, tunda kun koyi ƙidaya. A ce wani magidanci ya rasu, iyayensa sun riga shi. Ya bar gona eka 16, da mata 2, da ɗiya maza 5, da ɗiya mata 4. An yi masa sutura, an biya bashinsa, bai bar wasiyya ba.

Bisa shari'ar Musulunci, tunda yana da ɗiya, matansa suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin 8. Tumunin 16 shi ne 2. Matan nan biyu su raba eka 2, kowace ta sami eka 1. Saura eka 14. Namiji yana ɗaukar rabon mace biyu. Maza 5 suna da kashi 10, mata 4 suna da kashi 4, an sami kashi 14 daidai. Kowane ɗa namiji eka 2, kowace ɗiya mace eka 1.

Yanzu ku haɗa na matan gidan duka. Na matan aure 2, na ɗiya mata 4. Eka 6 ke nan cikin 16. Ya fi sulusin gonar. Ku dubi garinku ku gani, gida nawa ne aka fitar da wannan eka 6?

Abin da aka saba shi ne a raba wa mata tufafi, da ƙwarya, da akuya, a ce gona ta maza ce. Ko a ce wa ɗiya mace, "Rabonki yana nan hannun wanki." Dalilin da tsofaffi ke bayarwa ba na banza ba ne, ya kamata a saurare shi. Suna cewa mace tana aure ta bar gari, in ta ɗauki gona, gonar ta fita gida ta koma dangin miji. Suna cewa kuma in aure ya mutu, ko miji ya rasu, gidan wa take komawa? Gidan wanta. Shi zai ci da ita da ɗiyanta. Ashe gonar da ya riƙe ita ce abincinta na ranar wuya. A zamanin da wa ke da rumbu uku, maganar nan tana da nauyi. Kuma duk kaka yakan aika mata da dami biyu ko uku, ta san ba a manta da ita ba.

Amma yau wan nan da eka 2 ya tashi, da mata biyu da ɗiya tara. Hatsinsa ba ya kai shi bazara. In ƙanwa ta dawo da goyo da yara uku, ina zai sa ta? Alkawarin yana nan a baki, rumbun da zai cika shi ne babu. A ganina nan ne al'adar ta karye, ba wani ya karya ta ba. An riƙe rabin da ke hana mace gona, an saki rabin da ke ci da ita.

A kudancin Maraɗi, inda ƙasa ta riga ta ƙure, an ga ƙarshen wannan hanya. Wasu masu bincike biyu, Marthe Diarra Doka da Marie Monimart, sun rubuta a 2004 yadda mata ke fita daga noma a can. Gona ta yi kaɗan har miji ba ya iya yanka wa matarsa gamana. Sai a ce an hutar da ita, ta zauna gida. Mutanen wurin da kansu suka sa wa abin suna kublen gona. Yarinya ta tashi ba ta san riƙon hauya ba, ranar da aure ya mutu ba ta da gona, ba ta da sana'ar gona. Sun kuma ga wani abu: mata sun fara zuwa wurin malamai da sarakuna suna neman gadonsu bisa shari'ar addini, suna samu. Ba dokar Turawa suka ɗauko ba. Abin da limamin garinsu ya sani suka nema.

Kada a ce kuma dole sai an yanka gona gunduwa-gunduwa. Eka guda a ƙasa mai rairayi irin tamu ba ta riƙe gida. Magada suna iya shiryawa su bar gonar a haɗe, wa ya noma. Abin da ake so shi ne a san rabon kowa, a rubuta. In ƙanwa ta yarda ta bar nata hannun wanta, a rubuta aro ne, da abin da zai riƙa ba ta in an yi kaka. In kyauta ta yi masa, ta faɗa da bakinta gaban shaidu, ba a aiko da saƙo cewa ta yafe ba. Kunya tana sa mace ta yafe abin da ba ta yi niyya ba. Wadda ta nemi gadonta ana ce mata mai raba zumunta, alhali wanda ya riƙe ba a ce masa komi.

Waɗanda ake mantawa

Bayan mata, akwai jika maraya. A ce tsoho yana da ɗiya maza uku, ɗaya ya riga shi rasuwa ya bar yara. Bisa mazhabar Malikiyya da muke bi, ranar da tsoho ya rasu, ɗiyansa biyu masu rai su ke gado, jikokin nan ba su da kaso. A da ba a jin zafin abin, don baffa yana riƙe su cikin gandu, ya yi musu aure, ya yanka musu gona. Yau sai ka ga yaron da ubansa ya fi kowa wahala a gonar, shi ne ba shi da ko taki guda. Ƙasar Masar ta yi doka a 1946 wadda ta wajabta fitar wa irin wannan jika rabo, wasu ƙasashen Larabawa suka bi. A nan hanya tana hannun kakan tun yana da rai. Yana iya yi wa jikan kyautar gona a rubuta wurin Kofo, ko ya yi masa wasiyya, wadda shari'a ta yarda har zuwa sulusin dukiya. Tsoho mai jika maraya, kada ka bar wannan aiki sai gobe.

Akwai mai bida. Samarinmu suna tafiya Najeriya, Agadas, Aljeriya, Libiya. Wani yana aiko da kuɗi kowace shekara, da su ake sayen hatsi lokacin bazara, da su aka fanshi gonar da aka jinginar. Amma ran da ake rubutu ba ya nan. Yanzu da salula ba wanda ke da hujjar cewa ba a same shi ba. A kira shi, a sa murya a fili, shaidu su ji.

Akwai kuma aro na zumunci. Kawu ya ba ɗan ƙanwarsa gona ya noma, ba a faɗi rana ba. Shekara talatin ta wuce. Kawu ya rasu, wanda aka ba ya rasu. Ɗiyan wannan suna cewa aro ne, ɗiyan wancan suna cewa kyauta ce. Duka biyu ba ƙarya suke yi ba, abin da aka gaya musu suke faɗi. Irin wannan shari'a ce ke ƙarewa da dafa Alƙur'ani, kuma bayan rantsuwa gida biyu sun daina gaisawa ke nan. Mutane suna jin nauyin ce wa ɗan'uwa "mu rubuta", kamar an ce ba a yarda da shi ba. Ba don ku biyu ake rubutawa ba. Don waɗanda ba a haifa ba ne, waɗanda ba su ji abin da kuka faɗa a gindin bishiya ba.

Jingina ita ma haka. Wanda yunwa ta kora ya karɓi jika 50 ya ba da gonar gandu, ƴan'uwa ba su sani ba. In ba takarda, bayan shekaru sai jingina ta rikiɗe ta zama saye.

Wajen makiyaya

A wurin Fulani da Abzinawa makiyaya, abin da dangi ke riƙe da shi rijiya ce da wurin zama, ba gona ba. Doka ta san wannan. Ta yarda cewa dangin da suka saba zama wuri, suke komawa can kowace shekara, suna da haƙƙin fifiko a kan ruwa da ciyawar wurin. Fifiko ne, ba mallaka ba: su fara shayarwa, amma ba su hana baƙo. Filin kiwo da burtali kuwa na kowa ne, dokar 2010 ta hana wani ya mai da su nasa. A gundumar Dakoro an yi aikin kafa alamun burtali tun ƙarshen shekarun 1990. Inda ake samun matsala shi ne rijiyar da kaka ya gina, jikoki arba'in suke sha, sai ɗaya ya nemi izinin hukuma da sunansa shi kaɗai, ya fara sai da ruwa. Ciwo guda ne da na gandu.

Tukunya nawa ce a gidan?

Ba a gona kaɗai hukuma da zumunta ke karo ba. Manomi ba shi da fansho. Asusun fansho na ma'aikata masu albashi ne. Fanshon manomi ɗiyansa ne, asibitinsa gudummawar dangi ce. Makiyayi da fari ya kashe wa dabbobi, habbanaye ke tashe shi: ɗan'uwa ko aboki ya ba shi saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mai da uwar. Masu ayyukan raya karkara sun ga kyan abin har suka kwaikwaya da awaki. Asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a jahar Maraɗi a 1991, shi ma daga adashin mata ya samo tushe.

A 2011 gwamnati da Bankin Duniya suka fara shirin tallafin gidaje marasa ƙarfi a jahohi biyar, har da Maraɗi. A farkon shirin ana ba da jika 10 kowane wata, a hannun mace. Masu rubuta suna suna ƙidaya gida da tukunya: waɗanda ke ci tukunya guda, gida guda ne. To a gidan mata uku, da tsohuwa, da ƙane mai sabon aure, da bazawara da ta dawo, tukunya nawa ce? Yau ɗaya, gobe uku. In aka rubuta uwargida, amarya tana kallo. In aka zaɓi gidan wa aka tsallake na ƙane, katanga guda ce tsakaninsu. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bayyana a 2014 cewa a wasu garuruwa, da masu rabon kuɗi sun juya baya, sai a tattara a sake rabawa, ko mace ta miƙa wa maigida. Masu shiri suna ganin an karya ƙa'ida. Mutanen gari suna ganin sun gyara kuskure. Ni dai ba na ganin laifin wadda ta ɗebi tiya biyu ta kai wa maƙwabciya, don gobe ita za ta nema. Laifi yana wurin mai ƙarfin da ke fakewa da "a raba wa kowa" ya karɓe na gwauruwa.

Takardun da ke riƙe sauran

Duk abin da muka faɗa yana tsaye bisa tambaya guda: wa ya san kai ɗan wane ne? A gari kowa ya sani. A gaban alƙali sai takarda ko shaidu. Dokar rajistar jama'a ta 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, aure, saki ko rasuwa, kuma sanarwar kyauta ce. Ana yin ta a gidan likita ko wurin maigari, su kai ƙaramar hukuma. In kwanakin sun wuce, sai an bi ta wurin alƙali.

Takardar haihuwa mutane sun fara saninta, saboda makaranta. Ta aure da ta rasuwa ne ba a kula da su. Matar da aka ɗaura wa aure gaban liman da goro, aurenta ya ɗauru, ba mai musu. Amma in mijin ya rasu a Libiya, ko ya bar kuɗi a banki, ko dangi suka ce ai ya sake ta kafin ya tafi, da me za ta nemi tumuninta? Haka saki. In ba a rubuta ba, ba a san ranar da idda ta fara ba, ba a san matsayin cikin da ta fita da shi ba.

In ranar rubutun gona ta zo

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, kafin samari su watse. A fara zama a gida kafin a je wurin maigari. A kira ɗiya mata daga gidajen aurensu, a ba su kuɗin mota in da hali. A kira liman ya yi lissafi. A taka iyakar gona da maƙwabta na gabas, yamma, kudu da arewa, a duba in akwai burtali ko hanyar rijiya a gefe.

In gonar ba a raba ta ba, ku nemi magatakarda ya rubuta cewa ta magadan wane ce, wane kuwa wakilinsu ne. A jera sunayen magada duka, maza da mata, da na nesa, ko da sai an ƙara wata takarda an liƙa. Kofo takan yi shela kafin ta tabbatar da mallaka, don mai magana ya fito. Wannan shela ba ta da amfani in ba ta kai kunnen matan da ke cikin gida ba, saboda haka wakiliyar mata ta Kofo ta bi gida gida.

Kai kuma mai karatu, in an miƙo maka takardar, kada ka karanta a zuci ka ce "daidai ne". Karanta da ƙarfi, layi layi. In da Faransanci aka rubuta, a sami mai fassara, ka sa ya maimaita wurin suna da wurin da aka ce saye ne, ko aro, ko jingina. Kada kowa ya dangwala yatsa sai an gama. Kofo tana ajiye nata kofi. Naku kuma kada ya zauna aljihun mutum guda: ku kai Dakoro ranar kasuwa a buga hotonsa, a ba babbar ɗiya mace ɗaya, a ɗauki hoton wani da salula a aika wa na bida. Ainihin takardar a naɗe ta cikin leda a sa a akwatin ƙarfe, saboda gara da ruwan damana.